Farfaɗiya: Abin Da Ke Faruwa Cikin Ƙwaƙwalwa Sa'ad Da Mutum Ya Faɗi

Duk wanda ya daɗe a nan kurmi, ko a Agege yake zaune ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun ko Shagamu, da wuya a ce bai taɓa ganin irin wannan abu ba. Ana cikin hada-hada a tasha ko kasuwa, sai mutum ya yi ƙara ya yanke jiki ya faɗi, jikinsa ya sandare, sa'an nan ya kama jijjiga, kumfa tana fita daga bakinsa. Nan da nan sai a dare, a tsaya daga nesa ana kallo. Wani ya ce iskoki ne, wani ya ce sammu aka yi masa, wani kuwa ya janye ɗansa yana cewa kada yawun ya taɓa shi. Yarbawa suna kiran ciwon warapa, mu muna cewa farfaɗiya, amma tsoron iri ɗaya ne. Saboda wannan tsoro an fasa aure, an cire yara daga makaranta, an sallami mutane daga aiki, an kori waɗansu daga gidan haya.

To, jama'a, masana sun daɗe da gano abin da ke faruwa cikin kan mutum a wannan lokaci, kuma ya kamata kowa ya sani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 daga cikinsu suna ƙasashe irin namu. Ta kuma ce wajen mutum 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Domin a fahimci yadda 'yar ƙwaya ɗaya ke hana ƙato faɗuwa, sai an san waɗansu 'yan ƙofofi da ke cikin ƙwaƙwalwa, waɗanda ido ba ya gani.

Gari mai ganuwa da ƙofofi

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Ba jijiyar jini muke nufi ba, jijiyar saƙo muke nufi, watau wadda ke kai umurni daga kai zuwa hannu da ƙafa, ta kuma kawo labarin zafi da sanyi. Kowace ƙwaya tana da dogon zare kamar wayar tangarahu, saƙon da ke bi ta cikinsa kuwa lantarki ne.

Mai karatu zai ce, ina jiki ya sami lantarki? Amsa ita ce daga gishiri. In gishiri ya narke a ruwa sai ya rabu zuwa mitsi-mitsin ɗigo, kowane ɗigo yana ɗauke da ɗan cajin lantarki, wani na tarawa wani na ɗebewa, kamar kawuna biyu na batir. Iri huɗu ne suka fi muhimmanci ga zancenmu. Akwai sodiyam da kuloraid, su biyun ne suka haɗu suka zama gishirin miya. Akwai fotasiyam, wanda ke da yawa cikin ayaba da wake. Sai kalsiyam na cikin madara da ƙashi. Duk cajin tarawa suke ɗauke da shi, ban da kuloraid mai cajin ɗebewa.

Yanzu sai mu ɗauki ƙwayar jijiya kamar birnin Kano na da, mai ganuwa kewaye da shi. Sodiyam ya yi dandazo a wajen ganuwa, fotasiyam kuwa ya fi yawa a ciki. Akwai wani famfo a jikin ganuwar da ba ya hutawa dare da rana, kowane juyi yana fitar da ɗigon sodiyam 3 ya shigo da na fotasiyam 2. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Jens Skou, shi ya gano famfon a shekarar 1957. Saboda wannan rabo, ƙwayar da ke hutawa tamkar ɗan ƙaramin batir ce da aka yi wa caji, cikinta yana ɓangaren ɗebewa. Ƙarfinta kaɗan ne, batirin tocila guda ya ninka shi sau 20 da ɗoriya, amma da shi muke gani da ji da tunani.

A jikin ganuwar akwai ƙofofi dubbai, kuma kowace ƙofa da mutanenta. Ƙofar fotasiyam ba ta barin sodiyam ya wuce, ko da yake ɗigon sodiyam ya fi ƙanƙanta. Ba a taɓa sarkin ƙofa mai tsanani irin wannan ba. In kuwa ƙofa ta buɗe, miliyoyin ɗigo ne ke ratsa ta cikin daƙiƙa ɗaya.

Yadda saƙo ke tafiya

Sa'ad da saƙo ya iso ya ɗan ɗaga cajin ƙwayar har ya kai wani mizani, sai ƙofofin sodiyam su buɗe gaba ɗaya. Sodiyam ya kwararo ciki, cikin ya juye ya koma ɓangaren tarawa. Wannan juyi sai ya buɗe ƙofofin da ke gaba, su ma su buɗe na gabansu, haka saƙon zai yi ta gudu cikin zaren kamar wuta a busasshiyar ciyawa, a manyan jijiyoyi har ya kai mita 100 cikin daƙiƙa guda.

Ga inda hikimar take. Ƙofar sodiyam tana da sakata ta biyu daga ciki. Cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa da buɗewarta sai sakatar ta faɗa ta toshe ta. A daidai lokacin ƙofofin fotasiyam suna buɗewa, fotasiyam ya fice, batirin ya koma yadda yake. Kafin a zare wannan sakata ƙwayar ba ta iya sake harbawa ko me aka yi mata. Wannan ɗan gajeren hutu shi ke hana ƙwaƙwalwa kamawa da wuta. Mai karatu ya riƙe zancen sakatar nan, domin za mu komo kanta in mun zo batun magani.

Waɗansu Turawan Ingila biyu, Alan Hodgkin da Andrew Huxley, su suka bayyana wannan tsari a shekarar 1952. Sun yi aikin a garin Filimot na bakin teku, da jijiyar wata halittar ruwa mai hannuwa goma da ake kira sikwid, domin jijiyarta tana da kaurin da za a iya zura siririyar waya ciki. An ba su kyautar Nobel a 1963. Sai dai su lissafi ne ya nuna musu dole akwai hanyoyin wucewa. A 1976 Jamusawa biyu, Erwin Neher da Bert Sakmann, suka manna bakin wani siririn bututun gilashi a jikin ƙwaya har suka auna buɗewa da rufewar ƙofa guda tilo. A 1998 kuma wani Ba'amurke, Roderick MacKinnon, ya fitar da surar ƙofar fotasiyam filla-filla. Su ma duk an ba su Nobel, na farko a 1991, na biyu a 2003.

Totur da birki

Ƙwayoyin jijiya ba su manne da juna ba, akwai ɗan rata a tsakaninsu. In saƙo ya kai ƙarshen zare, sai ƙofofin kalsiyam su buɗe, ƙwayar ta fesa wani sinadari zuwa ga ta gaba. Direbobi za su fi saurin gane wannan. Wani sinadarin, mai suna gulutamet, totur ne, domin yana buɗe ƙofofin da ke shigo da sodiyam, ya zuga ƙwayar ta harba. Wani kuma, mai suna GABA, birki ne, yana buɗe ƙofar kuloraid, cajin ɗebewa ya shigo, ƙwayar ta lafa. Akwai ma waɗansu ƙwayoyin jijiya da ba su da wani aiki sai taka wa maƙwabtansu birki.

A lafiyayyar ƙwaƙwalwa kowace ƙungiyar ƙwayoyi tana harkar gabanta, kamar kasuwa ta ci, kowa da cinikinsa. Farfaɗiya tana tashi ne sa'ad da totur ya rinjayi birki, dubban ƙwayoyi suka kama harbawa tare a lokaci ɗaya ba ƙaƙƙautawa. Ana iya ganin alamar haka a takarda da na'urar auna lantarkin ƙwaƙwalwa, wadda ake liƙa wayoyinta a fatar kai, ba zafi ba yanka. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ya fara bayyana ta a 1929.

Inda wutar ta kama shi ke nuna irin alamar. In a sashen da ke juya hannu ne, hannu kaɗai zai yi rawa mutum yana ji yana gani. In a sashen da ke gefen kunne ne, mutum zai ji wani baƙon wari, ko tsoro ya taso masa daga ciki, sa'an nan ya yi zuru yana tauna baki yana mutsuttsuka rigarsa, daga baya bai san abin da ya yi ba. Da yawa irin waɗannan an ɗauke su mahaukata. In kuwa wutar ta game ƙwaƙwalwa duka, shi ne faɗuwa da jijjigar da kowa ya sani.

Akwai kuma wata iri ta yara da ke da alaƙa da waɗansu ƙofofin kalsiyam can tsakiyar ƙwaƙwalwa. Yaro zai tsaya cik, ido a buɗe, na daƙiƙa goma ko makamancin haka, sa'an nan ya ci gaba kamar ba a yi komai ba, kuma abin yana iya maimaituwa sau da yawa a yini. Ba ya faɗuwa, saboda haka sai a ce daƙiƙi ne ko mai taurin kai, ya yi ta shan bulala a makaranta alhali magani yake bukata.

In ƙofar ce ta zo da aibi

Kowace ƙofa akwai ƙwayar gado da ke ɗauke da tsarin gininta. In aka sami kuskure a tsarin, sai ƙofar ta fito da aibi. A 1995 aka fara tabbatar da haka, cikin wani babban dangi a Ostireliya da farfaɗiya ke kama su da dare suna barci. A 1998 aka gano aibin ƙofar fotasiyam a gidajen da jarirai ke jijjiga cikin kwanakin farko na haihuwa. Ƙofar ba ta fitar da fotasiyam yadda ya kamata, ƙwayar ba ta saurin lafawa. Abin farin ciki, mafi yawan irin waɗannan jarirai suna daina jijjigar bayan 'yan makonni ko watanni.

Wadda ta fi ba masana mamaki ita ce wata farfaɗiya mai tsanani da wata likita Bafaranshiya, Charlotte Dravet, ta bayyana a 1978, har ake kiran ciwon da sunanta. Tana farawa kafin yaro ya cika shekara, galibi in jikinsa ya yi zafi. A 2001 masu bincike a Beljiyam suka gano aibin yana ƙwayar gado mai suna SCN1A, wadda ke gina wata ƙofar sodiyam, kuma a mafi yawan yaran sabon kuskure ne, babu shi a jinin uwa ko uba. Abin mamakin shi ne aibin rage aikin ƙofar yake yi. To, in sodiyam ne ke zuga ƙwaya, yaya ƙarancin ƙofarsa zai kawo jijjiga? Da aka bi diddigi sai aka tarar wannan ƙofa ta fi yawa a jikin ƙwayoyin nan masu taka birki. Su ne suka raunana, mota ta tsinke a gangara.

Wannan ya sa magungunan da ke danne ƙofar sodiyam, waɗanda ke taimakon miliyoyin mutane, suna ƙara wa irin wannan yaro ciwo, domin ɗan birkin da ya rage shi suke ƙara dannewa. Darasin da ke nan babba ne: farfaɗiya iri-iri ce, maganin maƙwabcinka yana iya zama guba ga ɗanka. Kada a je kemis a ce a ba ni irin wanda wane yake sha.

Tabon da ake iya kaucewa

Kada mai karatu ya ɗauka duk farfaɗiya gado ce. Da yawa a ƙasashenmu tabo ne ke kawo ta. In ƙwaƙwalwa ta ji rauni, ƙwayoyin birki na wurin sukan mutu, waɗanda suka rage kuma ƙofofinsu su sake hali, sai wurin ya zama tushen wuta bayan watanni ko shekaru. Abubuwan da ke barin irin wannan tabo sun haɗa da doguwar naƙuda da ta hana jariri numfashi, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, sanƙarau, shanyewar ɓarin jiki, da buguwar kai a hatsarin mota ko babur. Akwai kuma ƙwan tsutsar ciki ta alade, wanda ke shiga ta abinci ko ruwan da bayan gida ya gurɓata, saboda haka ko wanda bai taɓa cin naman ba yana iya kamuwa.

Marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Badun ya yi bincike shi da abokan aikinsa a garuruwa biyu na yankin Ibarapa a Jihar Oyo. A Aiyete, rahotonsu na 1982 ya nuna mutum 37 cikin 1,000 suna da farfaɗiya. A Igbo-Ora kuwa, inda aka daɗe da ɗakunan shan magani da kula da masu ciki, rahoton 1987 ya nuna wajen mutum 5 ne cikin 1,000. Ƙabila ɗaya, ƙasa ɗaya. Ashe awon ciki, haihuwa a asibiti, gidan sauro, rigakafi da hular kwano duk maganin farfaɗiya ne tun ba ta zo ba.

Ga wanda ke da ciwon, akwai abubuwan da ke tsokano shi: rashin barci, zazzaɓi, giya, da tsallake shan magani. 'Yan'uwanmu masu gadi da ke kwana ido biyu su lura da na farkon. Ƙwayar taramadol kuwa, da waɗansu matasa ke sha don ƙarfin aiki, tana iya jefa ko lafiyayyen mutum cikin jijjiga. Har ila yau, jijjigar da zazzaɓi ke kawo wa yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 ba lalle farfaɗiya ba ce, mafi yawansu suna girma su bar ta, amma dole a kai shi asibiti a nemi dalilin zazzaɓin.

Yadda magani ke aiki

Yanzu mu komo kan sakata. Fenitoyin, wanda aka fara amfani da shi a 1938, da kabamazefin, wanda aka fi sani da sunan Tegretol, aikinsu shi ne su riƙe sakatar ƙofar sodiyam ta ɗan ƙara daɗewa a rufe. Ƙwayar da ke aikinta a natse ba ta damu ba, amma wadda ke son harbawa ba ji ba gani sai ta tarar da ƙofofinta a kulle. Finobabiton, wanda ake sha tun 1912 kuma ya fi araha, ƙofar kuloraid yake daɗar da ita a buɗe, watau yana ƙara wa birki ƙarfi. Dayazifam da ake yi wa mai jijjiga allurarsa a asibiti shi ma wannan ƙofa yake taimaka wa. Etosuksimaid yana danne ƙofar kalsiyam ta yaran nan masu yin zuru. Balfurowet, watau Epilim, yana aiki ta hanyoyi da yawa.

Daga nan za a gane dalilin da ya sa likita ke cewa kullum. Maganin ba ya gyara ƙofar, riƙe ta yake yi, kuma muddin yana cikin jini ne kawai. Ran da aka daina sai ƙofa ta koma halinta. Dainawa farat ɗaya ta fi hatsari, musamman ga finobabiton, domin ƙwaƙwalwa ta saba da taimakon, jijjigar da za ta biyo baya tana iya ƙin tsayawa har ta kai ga rasa rai. Mai shirin tafiya gida noma ko salla ya tanadi wanda zai ishe shi har ya dawo. Mai niyyar azumi ya ga likita tun kafin wata ya kama a tsara masa lokutan sha. In mutum ya yi shekara 2 ko fiye bai faɗi ba, likita yana iya duba yiwuwar rage masa a hankali, amma wannan hukuncin likita ne.

Mace mai shan magani in tana son haihuwa ta shaida wa likita tun kafin ta sami ciki, domin balfurowet yana iya nakasa ɗan tayi, amma kada ta daina da kanta. Wanda kuma ya fara sabon magani ya ga ƙuraje sun feso masa, da zazzaɓi ko gyambon baki, ya koma asibiti ran nan.

In mutum ya faɗi a gabanka

Yawun mai farfaɗiya ba ya ɗauke da ciwon, numfashinsa ma haka. Lantarkin cikin kansa ne ya rikice, ba abin da zai tsallako gare ka. Matso kusa, ka janye shi daga wuta ko ruwa ko titi, ka sa tsumma ƙarƙashin kansa, ka sassauta wuyan rigarsa. Kada a danne shi. Kada a cusa masa cokali ko tsinke ko yatsa a baki, mutum ba ya haɗiye harshensa, haƙora kawai za a karya. Kada a ɗura masa ruwa ko manja ko jiƙo, domin huhu za su tafi. Haɗin fitsarin shanu da ake ba yara a nan ƙasar Yarbawa likitocin Badun sun daɗe da nuna yana zubar da sukarin jini, ya kuma kashe yara. Kara ƙafar yaro a wuta ba ya farkar da shi, ƙuna kawai zai bari.

Da jijjigar ta lafa sai a juya shi ya kwanta ta gefe domin yawu ya zubo, a zauna da shi har hankalinsa ya komo, a yi masa magana mai daɗi. Galibi abin ba ya wuce minti 2 ko 3. In ya haura minti 5, ko wata ta biyo kafin ya farfaɗo, ko mace ce mai ciki, ko wannan ne karo na farko, a garzaya asibiti.

Wanda ke Ikko yana iya neman a tura shi Asibitin Koyarwa na Idi-Araba ko asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba. Akwai na Jami'ar Badun, akwai na Aro a Abekuta. Zuwa Yaba ko Aro ba ya nufin mutum mahaukaci ne, can ma akwai masana ƙwaƙwalwa da na'urar awo. A tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa, in an ɗauki hoton bidiyo a waya ya fi, domin bayanin shaida shi ne rabin binciken.

Kafin likita ya ba da izini, mai ciwon ya nisanci tuƙi da acaba, haƙar rijiya, hawa gini, wanka a kogi da zama shi kaɗai gaban murhu. Ban da waɗannan, yana iya karatu, ya yi kasuwanci, ya yi aure ya haifu, kuma mafi yawan 'ya'yan masu farfaɗiya ba sa gadonta. Sarakunan Hausawa da shugabannin unguwanni da na ƙungiyoyin sana'a, ku ne iyayen baƙi a wannan ƙasa. In kun san wani da ake ɓoyewa a ɗaki saboda kunya, ku sa baki a kai shi asibiti, in kuɗin magani ya gagara a haɗa masa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.